Abin Da Ya Ci Doma: Yadda Ciwon Kuɗi Ke Tsallaka Iyaka Har Ya Shigo Tsakar Gida

Gaisuwa ta musamman ga mutanen yankin Bagauda, tun daga Bebeji da Tiga, zuwa Kiru da Kwanar Ɗangora, har Tudun Wada da Doguwa can gindin duwatsun Riruwai. Uwargida, in tankaɗe kike yi ki ci gaba da abinki, kunne kawai nake aro.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau saƙo ne da wata baiwar Allah ta aiko daga ƙasar Kiru, sana'arta ɗinkin hula. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin dalar Amurka da idonta ba, ko launinta ba ta sani ba, amma sau da yawa in ta aiki yaro sayen zare sai ya dawo mata da guntun canji da magana ɗaya, wai mai kanti ya ce dala ta tashi. Sannan ta ce a 'yan shekarun nan ta sha ji a labaran duniya ana cewa kuɗin Gana ya faɗi, na Masar ya faɗi, na Pakistan ya faɗi, namu ma ya bi sahu, to shin annoba ce ta kama kuɗaɗen duniya, ko kuwa haɗa baki aka yi?

Yaya, wallahi kin yi tambayar masana. Su kansu malaman tattalin arziki da suka rasa sunan da za su sa wa wannan abu, wajen likitoci suka je suka aro, suka kira shi yaɗuwa, irin ta kyanda da sanƙarau. Kin ga ke nan ba ki yi nisa da gaskiya ba.

Bari mu fara daga tushe. Kuɗi ma haja ne, ana sayensa ana sayar da shi. Maigida ya san Wapa a Fagge, inda 'yan canji suke, can naira da dala da riyal da sefa kowanne da farashinsa. Kuma farashin nan tafiyarsa ɗaya da ta tumatir. Lokacin da kayan noman rani suka fito daga Kadawa, kwanduna suka cika Kwanar Gafan, tumatir har roƙonki ake yi ki saya. Da damina ta sauka ya yi wuya, guda huɗu sai a ce miki kaza, ki koma wa kauɗa. To haka dala take. In tana shigowa ƙasa da yawa, masu nemanta kaɗan, naira sai ta yi daraja. In shigowarta ta ragu, masu nema suka yi layi, sai a ce dala ta tashi, wanda a gaskiya nairar ce ta sauka.

Su wa ke nemanta? Duk mai shigo da kaya daga waje: mai alkama, mai magani, mai zare da atamfa, mai kayan gyaran injin ban-ruwa, da hukumar alhazai, da ita kanta gwamnati in za ta biya bashin da ta ciwo. Su wa ke kawo ta? 'Yan uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje suna aiko da ita, masu fitar da riɗi da zoɓo da citta suna samo ta, baƙi masu zuba jari suna shigowa da ita. Amma babbar rijiyar guda ɗaya ce, man fetur. Shekara da shekaru kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da Nijeriya ke samu daga kayan da take fitarwa daga man nan yake. Riƙe wannan a zuciyarki, don duk labarin da zan ba ki sai ya dawo ta wannan ƙofa.

Iyayenmu sun ga lokacin da naira ta fi dala. A 1980 da wajen kwabo 55 ake sayen dala guda. Shi ya sa in tsohuwa ta ce miki da 'yan nairori aka yi mata kayan ɗaki, kwalla da samira har saman rufi, ba cika baki take ba. A 1986 farashin mai ya rushe a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin nan na gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, a watan Satumba na shekarar aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, kafin a ankara dala ta kai wajen naira 4. Tun daga nan ba a sake komawa gidan jiya ba.

Yanzu ki ba ni aron hankalinki mu je Asiya, don can ne aka ga wannan yaɗuwa ƙuru-ƙuru. Ni lokacin ina ƙarama, sai da na je jami'a na karanta labarin.

Ƙasar Tailan dai kin santa ko ba ki sani ba, ita ce mai shinkafar nan 'yar waje da aka daɗe ana dafawa a gidajen biki. Sunan kuɗinta bat. Shekaru da yawa gwamnatinta ta ɗaure shi, ta ce bat 25 dala ɗaya, ba ƙari ba ragi. Da 'yan kasuwa da bankunan ƙasar suka ga haka, sai suka saki jiki suka dinga ciwo bashi da dala daga waje suna gina benaye, tunda a ganinsu canji ba zai taɓa motsi ba. Ana nan sai cinikin kayan da ƙasar ke fitarwa ya ja baya, benayen suka rasa masu saye. Masu bin bashi suka fara ɗari-ɗari, kowa ya ce a ba shi dalarsa. Babban bankin ƙasar ya yi ta ɗebo dalar da ya tara a rumbu yana zubawa a kasuwa don ya kare alkawarin bat 25, har rumbun ya kusa ƙarewa. Ranar 2 ga Yuli 1997 ya ɗaga hannu, ya saki kuɗin. Zuwa Janairun 1998 sai da dala ɗaya ta haura bat 50. Wato wanda ake binsa bashin dala, bai ƙara cin ko sisi ba, amma bashinsa ya ninka.

In da abin ya tsaya a Tailan, da ba mu kawo shi wannan fili ba. Amma cikin kwanaki kuɗin Filifin ya bi, sai na Malesiya, a watan Agusta na Indunusiya, kafin ƙarshen shekara Koriya ta Kudu, ƙasar da ke ƙera motoci da talabijin, ta je ta durƙusa gaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Ta ina cutar ta bi?

Zan ba ki misali da abin da kika sani. Ki ɗauka a unguwarku aka wayi gari uwar adashi ta tattara kuɗin zubi ta gudu. Kafin la'asar labari ya zaga ta bakin 'yan talla da masu kai niƙa. Me zai faru a unguwar da ke maƙwabtaka da ku? Uwar adashinsu mutuniyar kirki ce, shekara goma ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Amma washegari sai ta ga yara suna ta sallama, wannan ya ce in ji Inna a ba ta abin da ta zuba, wancan ya ce in ji Gwaggo ta fita daga zubi. Ita kuwa kuɗin ba a ƙarƙashin katifa suke ba, an riga an ba waɗanda kwasarsu ta zo. Ba ta ci amana ba, amma adashin ya watse, kuma tsoron watsewar ne ya watsa shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. To haka masu zuba jari na Turai da Amurka da Japan suka yi. Wani yana zaune a ofis a Landan, bai taɓa taka Asiya ba, a wajensa Tailan da Indunusiya da Malesiya duk unguwa ɗaya ce. Da ɗaya ta faɗi bai tsaya tantance mai lafiya da marar lafiya ba, ya ce a kwaso masa kuɗinsa daga dukkansu. Kuma ko wanda ya san ƙasar lafiyarta ƙalau, shi ma gudu yake, don ya san in ya tsaya sauran za su riga shi ƙofa.

Akwai wata hanyar da ba ta tsoro ba ce, ta tilas ce. Kin san dillaliya, mai yawo gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka tana bayarwa bashi. Ita ma a Kantin Kwari ta karɓo, ana binta. Ki ɗauka tana da masu ɗaukar kaya a Kiru da Bebeji. Na Kiru suka kasa biya don amfanin gona bai yi kyau ba, ga mai kanti ya matsa mata lamba. Ina za ta nufa? Bebeji za ta zo ta tsaya a kan mutanen da ba su taɓa saɓa mata ba, ta ce yau-yau take son kuɗinta, sabon kaya kuma ba za ta bayar ba. Matar Bebeji ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, abin da ya haɗa ta da na Kiru kawai shi ne dillaliyarsu ɗaya. Manyan bankunan da suka ba Tailan bashi su ne dai suka ba maƙwabtanta, da suka yi asara a nan sai suka janye hannu a can.

Sannan ga gasar ciniki. In ku biyu ke tuyar ƙosai a layi ɗaya, maƙwabciyarki ta karya farashi rabi, ko ki bi ta ko ƙullunki ya yi tsami. Ƙasar da kuɗinta ya faɗi, kayanta araha suke yi a idon baƙi. Maƙwabtan da ke sayar da irin kayan a kasuwa ɗaya sai ciniki ya guje musu, dala ta daina shigowa, nasu kuɗin ma ya sunkuya.

Indunusiya ce ta fi shan wuya, ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne. Kuɗinsu, rufiya, daga wajen 2,400 a dala ɗaya sai da ya haura 16,000 a 1998. Shinkafa da man girki suka gagari talaka, aka yi tarzoma, Shugaba Suharto da ya shekara sama da 30 yana mulki ya sauka a watan Mayu na 1998. A Koriya kuwa wani abu aka yi da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A farkon 1998 aka yi yekuwa, mutane sama da miliyan 3 suka yi layi a bankuna suna miƙa zinarensu don a biya bashin ƙasa, mata da zobban aurensu da sarƙoƙinsu, har aka tara fiye da tan 200. Uwargida, ki shafa ɗan kunnenki ki tambayi zuciyarki. Ni dai na tambayi tawa, ba ta amsa da wuri ba. Malesiya ita kuma ta ƙi zuwa wajen IMF, a Satumban 1998 Firayim Minista Mahathir ya toshe ƙofar fitar da kuɗi, ya ɗaure canji. An zage shi a lokacin, daga baya wasu daga cikin masu zagin suka sassauta murya.

To ina Tailan ina Tudun Wada? Ga hanyar. Waɗannan ƙasashe na Asiya manyan masu sayen man fetur ne. Da masana'antunsu suka tsaya, sayen mai ya ragu, gangar da ake sayarwa wajen dala 20 a 1997 ta sauko kusan dala 10 a ƙarshen 1998. Rasha, wadda ita ma da mai take taƙama, a watan Agusta na 1998 ta ce ba za ta iya biyan bashinta ba, kuɗinta ya zube. Masu jari suka sake firgita, suka waiwayi Barazil can wata nahiyar daban, a Janairun 1999 ita ma ta saki nata kuɗin. Mu a nan baƙin masu jari ba su da yawa a wancan zamani na mulkin soja, don haka ba ta ƙofar tsoro abin ya shigo mana ba, ta ƙofar mai ya shigo. Rijiyar nan guda ɗaya ta ja baya, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, kuma a farkon 1999 aka soke canjin gwamnati na naira 22 da aka daɗe ana riƙe da shi, alhali a kasuwa dala ta riga ta haura naira 80. Bahaushe ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sai dai kada mu ɗauka kullum mu ake shafa wa. Mu ma muna shafa wa wasu, kuma ba kowa ba ne illa 'yan uwanmu na Nijar, waɗanda da yawanmu muna da dangi a cikinsu. Su kuɗinsu sefa ne, a da ɗaure yake da kuɗin Faransa, yanzu da yuro. Af, in kika ji Bamaraɗiya ta ce dala, ba ta Amurka take nufi ba, sefa biyar ke nan, dubu kuma jaka suke ce mata. Da naira ta yi ta faɗuwa daga 1986, kayan Nijeriya suka zama kamar kyauta ga mai riƙe da sefa. Fetur da taki da yadi da sabulu da robobi suka yi ta kwarara ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni. Mai saye ya ji daɗi, amma 'yan masana'antun da ke can ba su iya gasa da wannan araha ba. Ba wannan kaɗai ya kayar da sefa ba, farashin yuraniyom da koko da auduga ma ya faɗi a shekarun, amma matsin naira yana cikin lissafi. A Janairun 1994 shugabannin ƙasashen sefa suka taru a Dakar aka karya darajarsa rabi cif: kuɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Dare ɗaya magani da duk kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsalle a Yamai da Damagaram, shanu da waken Nijar kuma suka yi sauƙi ga ɗan kasuwar Kano.

An sake kwatawa a 2016. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kuɗin Rasha da na Angola da namu duk suka jigata tare, don uwarsu ɗaya. A watan Yuni na 2016 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira daga wajen 197 ta koma wajen 280, a kasuwar bayan fage kuwa sai da ta haura 500 a farkon 2017. Makiyayin Nijar ya koro shanunsa zuwa Maigatari, ya sayar da naira, ya je ya canza, ya ga sefar da ta zo hannunsa ba ta kai ta bara ba. Farashin dabbobi ya karye a kasuwanninsu, matar makiyayin da ba ta taɓa jin sunan Babban Bankinmu ba ta rage awo. 'Yan kasuwar Kwatano da ke rayuwa da turo mana kaya su ma suka ji a jikinsu.

Yanzu mu zo kan wanda Yaya ta Kiru ta ji a rediyo. A 2022 abubuwa biyu suka haɗu. A watan Fabrairu yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, manyan masu sayar wa duniya alkama, ita Rasha har da taki da mai. Sannan babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, daga kusan babu har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023. Mun san hukuncin riba a addininmu, ba tallarta nake yi ba, yadda duniyar masu kuɗi ke juyawa nake gaya miki. Mai jari ya duba ya ga in ya bar dalarsa a gida ma za ta haihu, to me zai kai shi ƙasar da yake kwana da fargaba? Sai dala ta kama hanyar gida daga ko'ina. Ƙasashen da bashi ya yi wa katutu su suka fara faɗuwa. Siri Lanka ta kasa biyan bashi a 2022, Gana ta bi a Disambar shekarar bayan kuɗinta, sidi, ya zube, Masar ta karya fam ɗinta sau da yawa tsakanin Maris 2022 da Maris 2024.

Nan fa zan faɗi ra'ayina, ko da wani zai ji haushi. Iska ɗaya ce ta kaɗa kowa, amma ba kowace bukka ta yaye ba. Annoba gidan da ba a yi rigakafi ba take fi yi wa ɓarna. Mu ta same mu da rijiya ɗaya, ita ma ana satar ruwanta, ga tataccen mai muna sayowa daga waje da dala, ga canji iri biyu, na gwamnati da na kasuwa, masu hanya suna karɓa a nan su sayar a can. Don haka in an ce miki duk laifin Amurka ne, ki karɓi rabi ki ajiye rabi. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira daga wajen 460, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari a shekara guda. Kujerar Makka da aka biya wajen naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, don riyal ɗaure yake da dala, inda ta je nan yake binta.

Ba za mu manta da mata masu gurasa na birnin Kano ba, da suka fito kan titi a Fabrairun 2024 saboda tsadar fulawa. Mata ne masu sana'a irinku, kuma ba son fitar suke ba, wuya ce ta kai wuya. Duk alkamar da ake nomawa a ƙasar nan, har da ta Kadawa, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda muke ci ba, sauran da dala ake sayo ta. Mai taliyar murji da mai fanke da mai alkaki, ke ma wannan layin kike.

Na san tambayar da ke bakinki. Fulawa da zare mun ji, daga waje suke. To masarar Doguwa fa, da shinkafar Tudun Wada, da aka noma a bayan gidanmu, su kuma me ya haɗa su da dala? Abu biyu. Na ɗaya, kafin masara ta zo buhu ta ci taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa da kuɗin mota. Takin NPK a nan ake haɗa shi, amma sinadaransa daga Maroko da su Rasha ake kawo wasu. Yuriya a ƙasar nan ake yinta, sai dai mai kamfanin yana da masu saye a waje da za su biya shi da dala, don haka da farashin duniya yake auna namu. Ruwan Tiga da Gwamna Audu Bako ya tare mana tun farkon shekarun 1970 namu ne, amma kusan duk abin da ake haɗa shi da shi kafin ya zama abinci yana da ƙanshin dala. Na biyu, abin da ya faru bayan 1986 ne ya dawo. A 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, mai riƙe da sefa in ya shigo Dawanau sarki ne, abin da ya gagare ki shi araha yake gani. Ko a watannin da iyakar Nijar ke rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, jami'an kwastan sun yi ta tare motocin hatsi da ke neman ficewa. Wato ke da matar Maraɗi da ta Kamaru kwano ɗaya kuke zawarci, ita kuma kuɗinta ya fi naki nauyi.

To me mace za ta yi daga cikin ɗakinta? Ba ke za ki gyara canji ba, amma akwai ɓarakar da ke hannunki. Wadda na fi gani tana cinye jarin mata ita ce lissafin riba da farashin jiya. Misali kin sayi zare na naira 3,000, kin ɗinka hula kin sayar 4,000, kina murna kin ci 1,000. Kika aika a sayo wani zaren aka ce ya koma 4,200. Ina ribar? Ba ki ci komai ba, uwar kuɗin ma ta gutsure. A lokacin da kaya ke hawa, kafin ki yanka wa hajarki farashi ki aiki yaro ya tambayo nawa za ki mayar da kayan aikin yau, a kan wannan za ki ɗora ladan wahalarki. Haka mai man gyada da ƙuli-ƙuli, haka mai awara, haka mai gumin shinkafa. Bashi kuma ki gajarta masa wa'adi, don wadda ta karɓi hularki ta biya bayan wata huɗu, da ƙaramar naira ta biya ki.

Adashi ma haka. In zubin na wata goma sha biyu ne, kaya kuma suna tashi, mai kwasar fari ta sayi akuya biyu, mai kwasar ƙarshe da kuɗi iri ɗaya ta sami ɗaya da ɗan canji. Ba wanda ya cuce ta a cikinku, amma ta cutu. Ku zauna ku duba: ko a gajarta zagayen, ko a juya jeri in an sake sabo, ta ƙarshe ta zama ta fari. Wasu matan sun koma zubin kaya, kwanon shinkafa ko sandar sabulu ko turmin atamfa, musamman masu tarin kayan ɗakin 'ya'ya, tunda kwano kwano ne ko dala ta hau ko ta sauka.

Amma kada ki ji wannan ki kwashe duk abin da kika mallaka ki zuba a hatsi, ki ce ai kullum sama yake yi. Ba kullum ba. A 2025 naira ta ɗan natsu, gwamnati ta riga ta sassauta harajin shigo da abinci tun tsakiyar 2024, farashin masara da shinkafa ya sauko sosai, taki kuwa bai sauko tare da su ba. Waɗanda suka saya da tsada suka kulle a ɗaki suna jiran ya ninka, da yawansu sun tafka asara, manoma kuma suka koka. Ajiyar abincin gida daban, ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a daban, na biyun kin san abin da malamai suka ce a kansa. Ki raba ƙafa: kaɗan a 'yar akuya, kaɗan a kayan sana'a, kaɗan a hannu saboda lalurar asibiti, don ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ba za ki tsaya neman mai sayen tunkiya ba.

Sai kuma masu zuwa da daɗin baki, yanzu har ta wayar hannu suke shigowa ɗaki ba sallama, su ce kawo nairarki mu juya miki ita da dala ta ninka cikin wata guda. Lokacin da kuɗi ke ciwo, lokacin kasuwarsu ke ci, don kowa na neman mafaka. A Disambar 2016, ana tsakiyar wancan faɗuwar naira, MMM ta rufe da kuɗin mutane. A Afrilun 2025 aka sake yi da wata mai suna CBEX. In ɗanki ko ƙaninki ya zo miki da irin wannan, ki tambaye shi abu ɗaya: wace haja suke sayarwa da ke kawo wannan riba? In ya fara kame-kame, ki mayar da ƙullinki inda kika ɗauko.

Yaya ta Kiru, da fatan na biya ki. Yaron da kike aike ma ki zaunar da shi ki ba shi labarin tumatirin Kwanar Gafan, don gobe in mai kanti ya ce dala ta tashi, ya iya tambayarsa ko ranar da ta sauka zaren zai sauko. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga maganar awo, yadda za ki gane kwanon da aka bubbuge gindinsa.